Babi na Bakwai: Ƙafar Mai Gudu a Ƙasar Rairayi

A Bune ba za ka ji ana kiran kowa ɗan tsere ba. Babu filin gudu mai layi-layi irin na filin wasa na Janar Seyni Kunce da ke Yamai, kuma tsakanin nan da can akwai tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Amma masu gudu suna nan, ba kaɗan ba. Akwai ƴan kwalej da ke shirin gwajin motsa jiki na jarrabawar BEPC. Akwai samarin da suka ji sanarwar ɗaukar soja ko jandarma ko ƴan sanda a rediyo, suka kuma san cewa sai sun yi gudu a gaban masu tantancewa. Akwai ƴan ƙwallon yamma. Da su wannan babi yake magana, da malaman wasanni na lakwal, da iyayen da ake kai wa yaro gida yana ɗingishi.

Nijar ba ta rasa ƙafafu ba. Abdu Manzo ya wakilci ƙasar a gudun fanfalaki na Olamfik a 1988 da 1992 da 1996. Aminatu Seyni ta yi mita 400 cikin daƙiƙa 49.19 a Lozan a 2019, ta kuma zo ta huɗu a mita 200 a gasar duniya ta 2022 a Amurka. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙafafun da ke lalacewa tun ba su kai Damagaram ba, balle Yamai, a kan raunin da kauce masa bai kai kuɗin tiyar hatsi ba.

Kusan hanya ɗaya abin yake bi. Saurayi ya yi watanni bai yi gudu ba, ko da yana aikin ƙarfi a gona ko ban-ruwa a kwari. Sanarwa ta fito, saura wata ɗaya. Ya sayi kambas ɗin gwanjo, ya shiga fita kullum bayan sallar asuba, wani har da yamma. Makon farko numfashi ne ke ba shi wahala. Mako na biyu numfashi ya daidaita, ya ji daɗi, ya ƙara nisa. A na uku ko na huɗu ƙwauri ya fara zogi. Abokai su ce, "Kai dai daure, jiki ne bai saba ba." Shi kuma ya daure.

Dalilin da ya sa ciwon ke zuwa a daidai wannan lokaci ya cancanci a tsaya a kansa, domin wanda ya gane shi ya gane rabin babin nan. Gaɓoɓin jiki ba tare suke karɓar horo ba. Zuciya da jini suna da saurin koyo, cikin makonni kaɗan mutum zai ji bambanci. Tsoka tana biye da su. Jijiya da ƙashi su ne ƴan baya, nasu lissafin na watanni ne. A kowane taku na gudu, ƙafa ɗaya tana karɓar nauyin da ya ninka na jiki sau 2 zuwa 3, kuma mai gudu yana taka ƙasa sau 150 zuwa 180 a minti ɗaya. Gudun rabin awa ke nan taku wajen 5,000. Shi ƙashi abu ne mai rai. Idan aka matsa masa, jiki yakan fara kwashe ɓangaren da ya gaji, sannan ya cike gurbin da sabo, kuma kwashewar ta fi cikewar sauri. Don haka akwai wani tsakani na ƴan makonni da ƙashin yake da rauni fiye da ranar da aka fara horon, kuma a cikin tsakanin nan ne numfashi ke gaya wa yaro cewa ya ƙware. Maginin ƙasa ya san wannan sarai: ba ya ɗora sabon jeri sai na ƙasa ya sha iska, in ya yi gaggawa katangar da kanta za ta tsage.

Tsagewar ƙashi irin ta gajiya tsohon ciwon soja ce. Tun a 1855 wani likitan soja Bajamushe mai suna Breithaupt ya bayyana kumburin ƙafa da zogin da sojoji ke fama da su bayan doguwar tafiya. Ana iya bambanta ta da ciwon ƙwauri na yau da kullum ba tare da wani inji ba. Ciwon yau da kullum yakan bazu a gefen ƙwauri ta ciki, tsawon tafin hannu ko fiye, kuma sau da yawa yana lafawa idan jiki ya ɗumama. Na tsagewa wuri ɗaya yake, kan ɗan yatsa ya isa ya rufe shi. Yana ƙaruwa ne yayin da ake gudun, tsalle da ƙafar yana tayar da shi nan take, daga baya ya bi mutum cikin tafiya, har ya hana shi barci. Hoton ƙashi yakan fito lafiya lau a makonni biyu ko uku na farko, saboda haka kada wanda ya yi kuɗin mota zuwa asibitin Gure aka ce ba a ga komai ba ya ɗauka an ba shi izinin komawa fili. Mafi yawan irin wannan tsagewa tana warkewa da barin gudu na mako 6 zuwa 8. Amma akwai wuraren da ba a wasa da su: ciwo a matsematsi da ke tashi da gudu, wanda kan iya zama wuyan ƙashin cinya, da ciwo a tsinin ƙwauri ta gaba, da na tsakiyar bayan ƙafa. Waɗannan na likita ne, ko da sai an kai babban asibitin ƙasa na Damagaram.

Masu horarwa sun daɗe suna cewa kada a ƙara nisan gudu fiye da kashi 10 cikin 100 a mako. An gwada wannan ƙa'ida a Groningen ta ƙasar Holan, aka buga sakamakon a 2008: cikin sababbin masu gudu fiye da 500, waɗanda suka bi ta da waɗanda suka bi tsarin da aka saba duk kusan mutum ɗaya cikin biyar ya ji rauni. Wato babu wani adadi na sihiri. Abin da nake ba da shawara a kai ya fi wannan sauƙin riƙewa. Sabon mai gudu ya yi kwana 3 a mako, ba a jere ba. Ya fara da cakuɗa gudu da tafiya. Kada ya ƙara nisa da sauri a mako guda, ya zaɓi ɗaya. Wanda kuma yake da niyyar shiga soja ya fara wata 3 ko 4 kafin lokaci, tun kafin a yi sanarwa. Niyyar ai ba rediyo ne ya sa masa ita ba.

Rairayi

Bune tana cikin ƙasar Muniyo, ƙasar tuddan rairayi da kwaruruka masu dabino da goruba da kanwa. Wannan ƙasa kyauta ce ga mai gudu in ya san yadda zai yi da ita. Masu bincike a Beljiyom sun auna a 1998 cewa gudu a busasshen yashi yana cin ƙarfin da ya ninka na ƙasa mai tauri sau 1.6. Zuciya tana samun aiki mai yawa ke nan a ɗan gajeren nisa, ƙashi kuma bai sha duka sosai ba. Percy Cerutty, mai horarwa ɗan Ostareliya, a tuddan yashin Portsea ya riƙa sa yaransa hawa da sauka. Ɗaya daga cikinsu, Herb Elliott, ya ci zinare a mita 1,500 a Roma a 1960 da lokacin da ya zama bajintar duniya, 3:35.6. Abin da suka yi tafiya zuwa bakin teku suna nema, yaron Bune a bayan gidansu yake.

Sai dai yashi yana karɓar ladansa a wani wuri. Dunduniya tana nutsewa, agara tana miƙewa fiye da yadda ta saba, sha-raɓa tana aiki ba hutu, kuma gudu a gicciyen tudu yana karkatar da idon sawu. Wanda ya fara hawan tudu kullum, ciwon agara ne zai tarye shi. Sau ɗaya a mako ya isa da farko. Akwai kuma wani tarko da ba a cika lura da shi ba: gwajin ɗaukar aiki da tsere a kan ƙasa mai tauri ake yin su, ko fili ko kwalta. Ƙafar da ta yi wata uku a yashi kawai ba ta san dukan kwalta ba, ranar da aka sa ta a kai tamkar sabuwar shiga ce. Dole a riƙa haɗawa, a ɗan ƙara rabon ƙasa mai tauri mako bayan mako. Mafi daɗin wurin gudu a wannan yanki shi ne jigawa washegarin ruwan sama, lokacin da yashi ya kama jikinsa amma bai yi tauri ba.

Maganar takalmi gajeruwa ce. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki a Roma a 1960 ba takalmi, kuma yaron da ya tashi yana yawo haka yana da tafin ƙafa mai ƙarfi. Amma ƙasarmu ta karangiya ce da ƙayar aduwa da fasasshiyar kwalba, kuma hujin ƙaya mai zurfi ƙofa ce ta cutar tetanos ga wanda allurarsa ta rigakafi ba ta cika ba. In za a sayi na gwanjo, a ajiye shi a ƙasa mai daidai a dube shi ta baya. Wanda dunduniyarsa ta cinye ya karkata gefe, a bar wa mai shi. Kada kuma a sa sabon takalmi ranar gwaji, bororo kaɗai ya isa ya kayar da mutum.

Masu gajeren zango nasu ciwon daban ne, tsokar bayan cinya. Takan yage ne a lokacin da aka jefa ƙafa gaba da ƙarfi, ita kuma tana ƙoƙarin taka mata birki alhali tana miƙe. Ita ce ta kayar da Derek Redmond na Ingila a mita 400 a Barsalona a 1992, har mahaifinsa ya sauko fili ya riƙe shi suka ƙarasa. Ita ce ta kayar da Usain Bolt a tserensa na ƙarshe a Landan a 2017, a gudun miƙa sanda. Tunda ta sami waɗannan da likitocinsu, ba za ta ji kunyar ɗan kwalej da ya fito daga aji ya tsaya kan layi ba tare da ya ɗumama jiki ba.

Akwai atisaye guda da ya yi suna wajen tsare ta. Mutum ya durƙusa a kan tabarma ko yashi, abokinsa ya danne masa idon sawu ta baya, shi kuma ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali, jiki a miƙe daga gwiwa zuwa kai, yana hana kansa faɗuwa har sai ya kasa, ya tare ƙasa da hannu. A 2019 an haɗa sakamakon bincike 15 da suka ƙunshi ƴan wasa fiye da 8,000, mafi yawansu ƴan ƙwallon ƙafa, aka ga cewa waɗanda ke yin sa raunin bayan cinya ya ragu musu da kusan rabi. A fara da sau 5, a huta, a ƙara 5, sau ɗaya a mako, domin kwana biyu bayan na farko cinya za ta yi tsami sosai. Ba ya buƙatar ko dala.

Wani abin kuma namu ne tun kaka da kakanni. Je ka wurin likitan gashin ƙashi da tsohon targaɗe, abin da zai sa ka yi shi ne tsayuwa da ƙafa ɗaya, sannan tsalle da ita gaba da gefe, domin idon sawu ya sake koyon gyara kansa kafin ya turguɗe. Wannan ai langa ce. Yaran da ke riƙe ƙafa ɗaya ta baya suna tsalle a dandali da farin wata suna yi wa idon sawu da gwiwa da ƙugu horon da ake biyan kuɗi a kansa a wasu ƙasashe. Ina ganin asara ce malamin wasanni ya bar ta a waje yana neman atisaye a littafin Faransanci. Gyara ɗaya take buƙata: kowa yana da ƙafar da ya fi so, to a tilasta musanyawa. Mai jinya kuma ya yi tsallen shi kaɗai, ban da bangaza.

Ɗumama jiki kafin gudu mai sauri wajibi ne, musamman da sanyin hunturu: sassarfa ta minti 10, sannan gajerun gudu ana ƙara sauri da kaɗan-kaɗan. Miƙar jijiya a tsaye, wadda aka fi yarda da ita, ba ta da tasirin da ake zato. An gwada ta a kan kuratan sojan Ostareliya fiye da 1,500 a binciken da aka buga a 2000, ba a ga ta rage rauni yadda za a kafa hujja da shi ba.

Zafi, jini da abinci

Rauni na ƙafa yana ɓata shekara. Zafi kuwa yana kisa cikin awa guda. A Afrilu da Mayu zafin jihar Damagaram yana haura digiri 40. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka fara gudun fanfalaki na mata don gudun rana, amma cikin 68 da suka tashi, 28 ba su ƙarasa ba, kuma waɗannan ƙwararru ne. Alamar bugun zafi a kai take fitowa: mai gudu ya fara tangaɗi, ya rikice, ya yi surutai marasa kan gado ko faɗa ba dalili, ko ya faɗi. Yana iya kasancewa da gumi a jikinsa, kada wannan ya ruɗi kowa. A irin wannan hali wasu za su ce iska ce ta taɓa shi, su kewaye shi da tofi. Addu'a ba ta hana zuba ruwa. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a riƙa kwarara masa ruwan randa ko na rijiya daga wuya har ƙafa ana yi masa fifita ba tsayawa. Ƙa'idar likitocin wasanni ita ce a fara sanyaya jiki kafin a nemi mota, domin rabin awar farko ita ke raba rai da mutuwa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kuma ba a ɗura masa ruwa a baki.

Akwai masu ɗauke da rabin sikila a jininsu, kuma a yankinmu suna da yawa ƙwarai. Lafiyarsu ƙalau, cikinsu akwai zakarun wasanni. Haɗarin yana zuwa ne idan wanda bai saba ba ya ƙure ƙarfinsa gaba ɗaya cikin zafi da ƙishirwa. Sai ƙafafu su saki, ya zube tun gudun bai yi nisa ba. Mutuwar ɗalibai ƴan wasa ta wannan hanya ce ta sa hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta shigo da gwajin sikila ga manyan ƴan wasanta a 2010. Sanin nau'in jini ba ya hana kowa gudu, yana dai koya wa mutum ya hau a hankali, ya kuma tsaya da zarar jiki ya ba da alama. Haka mai zazzaɓi: ba a gudu da zazzaɓin cizon sauro a jiki, bayan an gama magani ma a ba jini kwanaki ya dawo. Da azumi a rage nauyin horo, a mai da shi dab da shan ruwa ko bayan an ci abinci an huta.

Ƙashi da jijiya da abinci ake gina su. Tuwo da fura suna ba da ƙarfi, amma gyaran tsoka yana son wake, nono, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ƙwai, ko fara, wadda mutanen Damagaram ba sa buƙatar a koya musu cin ta. A tuna kuma cewa noma horo ne. Saurayin da ya wuni yana noma da damina, a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sannan ya fita gudu, nauyi biyu ya ɗora wa jiki a kan ciki ɗaya. Ga ƴan mata akwai alama ta musamman: idan al'ada ta ɗauke watanni bayan an tsananta horo, jiki yana faɗa ne cewa abincin bai kai aikin ba, kuma ƙashi ne ke biyan bashin. Kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya a kan wannan a 2014. Magana ce da yarinya ba za ta kai wa malami namiji ba, saboda haka uwa ko malama ce ya kamata ta tambaya.

Idan abin ya riga ya faru

Targaɗe shi ne raunin da kowa ya sani, kuma tambayar farko ita ce ko da karaya. Likitoci a Ottawa ta Kanada, ƙarƙashin Ian Stiell, sun fitar da ƙa'ida a 1992 da ko malamin lakwal zai iya riƙe ginshiƙinta: in mutum ya kasa yin taku 4 da ƙafar, ko kuma aka danna ƙashin idon sawu ta gefen baya ko ƙarshensa ya ji zafi mai tsini, ko a ƙashin gefen ƙafa ta waje, to a nemi hoto. In babu ko ɗaya, da wuya a ce ƙashi ya karye.

Littattafai za su ce a sa ƙanƙara, wadda ba kowane ƙauye ke da ita ba. Kada wannan ya dami kowa. Dokta Gabe Mirkin na Amurka, wanda ya yaɗa shawarar hutu da ƙanƙara a 1978, shi da kansa ya fito a 2014 ya ce suna iya jinkirta warkewa. Ƙanƙara tana rage zogi ne kawai. Abin yi a kwana 2 ko 3 na farko shi ne a sassauta wa ƙafar, a ɗaga ta sama da ƙirji idan an kwanta, a naɗe ta da bandeji ko tsumma mai tsabta ba tare da shaƙewa ba. Gashi da ruwan zafi da murza da ƙarfi a waɗannan kwanaki suna ƙara zubar jini a ciki. Tausa da man kaɗe tana da lokacinta, bayan kumburi ya fara saɓewa.

Mafi yawan mutane wurin maɗori za su fara zuwa, kuma ban ga laifinsu ba. Yana kusa, an san shi, an san ubansa, ba ya tambayar kuɗi kafin ya taɓa ka, kuma akwai karayar da ta warke a hannunsa. Amma gaskiya ɗaya ce. Jan ƙafa da murɗa ta a kan targaɗe yana ƙara yaga jijiyar da ta riga ta yage. Ɗauri mai tsanani a kan gaɓar da ke kumbura yana tsayar da jini, kuma likitocin tiyata a Nijar da arewacin Najeriya sun sha yanke hannu da ƙafa saboda haka. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka mutu, ko suka sauya launi, ko zogi yana ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance ɗaurin a lokacin, ko da tsakar dare ne, a nufi likita. Ba raini ba ne ɗa ya ce, "Baba, a yi haƙuri a sassauta, yatsun ba na jin su." Karayar da ƙashi ya huda fata, da wadda ta shiga gaɓa, da ta yaro kusa da gaɓa inda ƙashi ke tsawo, ba na ɗorin gida ba ne. Tsaga da ƙaho a kan kumburi kuwa buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya ne a wurin da fata take a rufe.

Wani kuskuren kishiyar jan ƙafa da murɗa ta ne, kuma ya fi yawa: a ɗaure ƙafa a kwantar da mutum makonni. Tsoka ta zube, gaɓa ta sandare, ya tashi da ƙafar da ta fi ta da rauni. Bincike a Kopenhagen ta Danmak a 2017 ya raba ƴan wasa masu yagewar tsoka gida biyu, wasu suka fara motsa wurin kwana 2 bayan rauni, wasu kwana 9. Na farkon sun riga komawa wasa da kusan mako 3, ba tare da raunin ya fi dawo musu ba. A Suwidin, Carl Askling ya gwada atisayen da ke ɗora wa tsokar bayan cinya nauyi tana miƙe a kan ƙwararrun masu gudu da tsalle: sun koma fili cikin kwana 49 a matsakaici, masu tsohon tsari kuwa kwana 86. A can dai, Hakan Alfredson ya ba mutum 15 masu tsohon ciwon agara aiki guda a 1998: tsayawa da kan yatsu a bakin mataki, a sauke dunduniya a hankali da ƙafar mai ciwo, sau 180 a rana har mako 12. Dukansu sun koma gudu. Bakin dakali ko tubalin siminti ya isa wannan aiki. In ciwon a daidai inda agara ta kama ƙashin dunduniya yake, a yi shi a ƙasa mai daidai. Wanda kuwa ya ji kamar an jefe shi da dutse ta baya, ya waiwaya bai ga kowa ba, ya kuma kasa ɗagawa da kan yatsu, agararsa ce ta tsinke, asibiti zai nufa a ranar.

Ma'aunin duk wannan aiki shi ne zogi. A tsoka da jijiya, ɗan ciwon da ake iya jurewa, wanda ya lafa kafin washegari da safe, ba laifi. In aka tashi ya fi jiya, an wuce gona da iri. A ƙashi kuwa ba a yarda da ciwo ko kaɗan ba. Shi ya sa nake adawa da ƙwaya da dukan zuciyata, domin ma'aunin take fasawa. Tramol ya shiga kasuwanninmu da tashoshinmu, ana shan sa don noma da dako da kokawa, mai gudu ma ya shiga layi. Yana rufe bakin ciwo, yaro ya ci gaba da gudu a kan ƙashin da ya tsage har ya karye gaba ɗaya, ga kamu, ga farfaɗiya idan an sha da yawa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa daga Janairun 2024. Diclofenac da ibuprofen kafin gudu cikin zafi da ƙishirwa suna cutar da ƙoda da ciki. Akwai kuma wanda mutane ba su sani ba: ciprofloxacin, wanda ake saye a tebur da zarar an ce taifod. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalinsa cewa shi da danginsa suna iya jawo kumburi da tsinkewar jijiya, musamman agara, kuma haɗarin yana ƙaruwa idan an haɗa da irin su dexamethasone. Wanda likita ya rubuta wa shi ya gaya masa cewa yana gudu, ya dakatar da horo mai tsanani, ya kuma koma wurinsa da zarar agara ta fara ciwo.

Komawa fili tana da matakai, kuma kalanda ba ta cikin masu yanke hukunci. Da farko mutum ya iya tafiya mai sauri ta rabin awa ba ɗingishi, ba ciwo washegari. Ya iya ɗagawa da kan yatsun ƙafar mai jinya sau 20, ko daidai da abin da lafiyayyar ke yi. Ya iya tsallen langa da ita ba tare da ya yamutsa fuska ba. Sannan ya fara gudun minti 1 da tafiyar minti 4, sau 5 ko 6, rana ɗaya a yi rana ɗaya a huta. Kowane fita biyu ko uku a ƙara wa gudun minti ɗaya a rage wa tafiyar, har ya kai rabin awa a haɗe. Sauri shi ne na ƙarshe, shi ma da rabin ƙarfi ake fara shi, domin babu abin da ke jawo sabon rauni kamar tsohon da bai gama warkewa ba, kuma yagewar bayan cinya ta fi dawowa a makonnin farko na komawa. Duk ranar da ciwon ya sake ɗagowa a wurin da yake, a huta kwana 2, a koma matakin da aka baro, a ci gaba daga nan.